Marin Shafa'atu

A ƙofar makarantar firamare ta Lolo, a bakin iyakar Najeriya da Benin, Sufyan ya fara ganin Shafa'atu, malama a makarantar, ranar kasuwa, yana riƙe da hannun 'yarsa Kausar mai shekara shida. Ɗan Illo ne, amma fataucin shinkafa ya zaunar da shi a Parakou ta Jamhuriyar Benin, inda matarsa ta rasu.

"Malama, shawara nika nema," in ji shi. "In bar yarinyag ga makarantar Faransanci, ko in maishe ta ta ƙasa da ƙasa, inda aka haɗa mata da Turanci? Tsoro nikai ta dawo gida baƙuwa."

Tsoronsa yana da tushe. Tun yarjejeniyar 1898, da Ingila da Faransa suka ja iyaka kusa da Illo, jikokin kaka ɗaya suke karatu da harsuna biyu.

Shawarar ba ta ƙare a ranar ba. Ta koma waya, daga nan ta koma wani abu dabam.

"Malamata, na ziyarci makarantu ukku yau, ban ga wadda ta kai ki iya koyarwa ba."

"Baban Kausar, makaranta kake nema ko malama?"

"Duka biyun, sanyin idona."

Mahaifin Shafa'atu, Malam Na'Allah, bai yi na'am da zancen aure ba. Ƙanensa ya ƙetara iyaka tun yana saurayi, yau 'ya'yansa ba sa iya gaishe shi da Hausa. Da ƙyar ya yarda Sufyan ya zo gaisuwa.

Ran nan maza suna zaure, Kausar ta shigo ta zauna kusa da tsohon. Ya tambaye ta abin da suka kawo wa Anti Shafa'atu daga Parakou.

"Babana ya ce in an jima kaɗan Anti za ta samu mari."

Sufyan ya fita amsa waya, bai ji ba. Da ya dawo ya tarar an naɗe tabarma.

"Wanda ya yi ma ɗiyata alkawarin mari tun ba a ɗaura ba, mi zai mata bayan iyaka, inda ba ni ganin ta?" Abin da tsohon ya faɗa wa iyalinsa ke nan, ya kuma hana a buɗe wa baƙon ƙofa.

Shafa'atu ta kasa cin abinci. Kafin su tafi ta kira yarinyar a ɓoye ta tambaye ta ko gaskiya ne.

"Gaskiya ne, Anti. Ai Mama ma ta samu, kafin ta rasu."

Ta rubuta wa Sufyan: "Ashe har marigayiya ka mara? Kada ka sake kira na."

Sufyan ya karanta saƙon har ya kusa haddace shi, bai gane laifinsa ba. Sai da ya sa Kausar ta maimaita maganarta kalma kalma, sannan ya dafe kai. Ya ɗauke ta suka sake ƙetaro iyaka, ya durƙusa a ƙofar masallaci yana jiran Malam Na'Allah.

"Baba, kada ku tambaye ni komi. Ku tambaye ta yadda aka ce ma miji da Faransanci a makarantarsu."

Tsohon ya dubi yarinyar.

"Mari," in ji Kausar, tana mamakin babban mutum da bai san wannan ba.

Liman ya juya baya yana dariya. Malam Na'Allah kuwa fuskarsa ba ta saki ba.

"Ka wanku, Sufyanu. Amma ga abin da nika tsoro nan gabanmu. Makarantar da ka zaɓa, ta ƙasa da ƙasa, akwai Hausa cikinta?"

"Babu, Baba."

Aka koma gida, tsohon ya maimaita zancen a zaure. Daga bayan labulen zaure muryar Shafa'atu ta fito a hankali.

"Baba, Turanci da Faransanci su koya mata can. Hausa kuwa, ni ce makarantarta."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren a Lolo. Da amarya za ta shiga mota, tsohon ya dafa kanta, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai gaishe ni da harshena. Ke kuma, Allah shi sa wanga marin shi ne kaɗai za ki sha a duniya."