Sandar Jak a Kan Ƙusa

Rana ta take aka bugo waya ofishin 'yan sanda: mota ta faɗo wa wani bakanike a gareji.

Sufeto ya iso tare da Saje. An riga an janyo gawar, an lulluɓe ta da tsohon tanti. Matashi ne, Auta ake kiransa. Ƙirjinsa ya burma. Gefen hannunsa ga na'urar da yake jona wa mota ta faɗa masa ciwonta, fuskarta a fashe.

Mai garejin, yayan mamacin, yana tsaye yana huci. Oga kowa yake ce masa.

"Jak ne ya zube, yallaɓai. Ya tsufa. Na je cin abinci, na dawo na tarar da ihu."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa. Babu ko ɗigon mai a ƙarƙashin jak ɗin.

"Saje, ɗaga min motar nan."

Saje ya duba ƙasa bai ga sandar jak ba. Can ya hango ta a bango, rataye a kan ƙusa, a jikin allon da aka zana wa kowace sufana gurbinta. Ya ɗauko ya ɗaga motar, ya hau kanta ya yi tsalle. Ko gezau.

"Wannan ne ya zube?" in ji Sufeto. "Mutum ne ya kwance shi."

Oga ya juya ya nuna mai fentin garejin da yatsa. "To ga shi nan! Jiya suka yi dambe da Auta, kowa ya gani."

Yaran gareji suka yo kansa da ƙarafa. Saje ya sha gabansu.

"Duk wanda ya taɓa shi, a sel zai kwana."

Sufeto ya ja mai fenti bayan rumfa.

"Kun yi faɗa?"

"Mun yi. Ya jingina da sabon fenti, hannunsa duk baƙin mai. Sai in kashe mutum a kan ƙofar mota?"

"Ya aka yi kuka ciro shi?"

"Da hannu muka cicciɓa. Na lalubi sandar jak a ƙasa, babu."

"Ko Auta ne ya rataye ta kafin ya shiga?"

Mai fenti ya ja tsaki. "Auta? Ko cokalinsa ba ya mayarwa. Kullum a kan haka Oga yake zaginsa."

Mai motar tana zaune a benci, idonta ya yi ja.

"Hajiya, me ya faru da safe?"

"Oga ya saurari ƙarar motar ya ce sai an sauke inji. Sai yaron ya jona abinsa, ya ce waya ɗaya ce ta tsinke. Ya ce, 'Yaya, kunnen nan ya kai ritaya.' Kowa ya bushe da dariya. Har ni."

Ta rufe fuska.

Sufeto ya dawo tsakar gareji. "Mai fenti, sauke motar."

Ya murɗa, mota ta sauka, ya yar da sandar a ƙasa. Saje ya sake ɗagawa.

"Oga, kai ma."

"Rainin hankali ne wannan! Ƙanena yana kwance, kuna wasa?"

"Sauke."

Oga ya fizgi sandar, ya murɗa, mota ta sauka. Ya mayar ya ɗaure, ya zaro tsumma daga aljihu ya goge ta. Bakinsa bai daina faɗa ba. Ko waiwaya bai yi ba ya miƙa hannu ya rataye ta a kan ƙusa.

Kowa ya bi sandar da kallo.

Oga ya kalli hannunsa. Ya kalli ƙusar.

"Ni na goya shi," ya ce. "Ni na koya masa riƙe sufana. Ni na tura shi koyon kwamfutar nan. Yanzu mai mota sai ya shigo, ya wuce ni kamar tsohuwar taya, 'Ina Auta?' A garejina!"

"Sai ka kwance."

"Tsorata shi zan yi. Kaɗan na murɗa."

"Kaɗan," in ji Sufeto. "Kuma ka tsaya ka goge sanda, yana ƙarƙashi."

Saje ya buga masa ankwa. A bakin ƙofa Oga ya ja ya tsaya, idonsa a kan wata sufana da ke yashe kusa da gawar.

"Wani ya mayar da ita gurbinta," ya ce.

Babu wanda ya motsa.