Katin da Bai Shiga Akwati Ba

Dogo yana sunkuye kan teburin gyara lokacin da Auta ta yi sallama, rungume da tsohuwar kwamfutar tebur, mayafinta duk ya sha ƙura.

"Zanen gine-gine nake karanta," ta ce tana haki. "Da na juya zane sai ta daskare. An ce katin hoto zan canza mata, na'urar da ke sarrafa zane a cikinta."

Ya ɗago, ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Dogo yana da i'ina tun yarinta, kuma ta fi kama shi idan zuciyarsa ta buga. Ba ta ƙarasa masa kalmar ba kamar yadda mutane ke yi. Ta tsaya ta jira shi. Wannan jiran ne ya kayar da shi.

Sabon katin ya fi ƙarfin tsohon akwatin kwamfutar, sai da ya goge wa katin kusurwa ɗaya, ya canza abin ba da wuta. Kafin aikin ya ƙare sun saba. A saƙon waya ba ya i'ina, don haka can ya fi sakewa.

"Auta tawa, kwamfutarki ta warke. Mai gyaran ne ya kwanta."

"Allah ya ba shi lafiya, Injiniyana. Ya zo gida a duba shi."

Ya je kai mata kwamfutar. Yayanta ne ya tare shi a falo, tare da abokinsa Manaja, wanda gidan ya daɗe yana yi wa Auta sha'awarsa. Ba wanda ya nuna masa kujera.

"Sa-sa-sannu da zuwa," in ji Yaya. Manaja ya yi dariya har da buga ƙafa. Baba yana gefe da jarida, bai hana ba. Ya dai ce, "'Yata ba za ta tsufa tana jiran miji ya gama jimla ba."

Dogo ya haɗa wayoyin a durƙushe, ya tafi.

Ana gobe za ta gabatar da aikinta na ƙarshe a makaranta, allon kwamfutar ya yi baƙi ƙirin. Yaya ya leƙa ciki ya ce ai mataccen kati yaron ya saka mata, ya ɓoye sabon. Auta ta rasa gabatarwar, shekara guda ta tafi. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Ba-ba-ɓarawo. Yanzu ka ji yadda sunanka yake a bakinka?"

Dogo ya karanta a tsaye, ya nemi wuri ya zauna. Duk da haka ya tafi gidan. Yana buɗe akwatin ya ga ba katinsa ba ne. Ya ɗago zai faɗa, Baba yana masa tsawa, Yaya yana kwaikwayonsa, harshensa ya ƙi. Ya dubi Auta. Wannan karon ba ta jira ba, ta juya ta shige ciki. Yaya ya tura shi waje, ya wurgo masa jakar kayan aiki, sukurori suka watse a titi.

Bayan wani lokaci Mama ta aiki Auta ɗakin Yaya ɗauko kwanuka. Kwamfutar wasansa mai gefen gilashi tana kunne, fankokin katin suna juyawa. Ta matsa kusa. Ga kusurwar nan a goge.

Ba ta yi kuka ba. Ta kira Baba da Mama ta nuna musu. Yaya ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Taimakonki na yi. Da kin ƙare a shagon faci."

Ta sami Dogo a shago yana hura ƙura daga wata fanka. Ta ce, "Na gani. Na cuce ka." Bai ɗago ba. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, yana sallamar kowa yana tsallake ta. Ya san yana ƙona mata rai, kuma a lokacin hakan ya yi masa daɗi. Ran da ta daina zuwa ne ya kasa cin abinci.

"Na iya jure dariyar kowa," ya rubuta mata. "Taki ce ban shirya mata ba."

"Na sani, Injiniyana. Ba ni da abin kare kaina. Ina dai sonka."

Mama ce ta tsaya musu. Ta ce wa Baba gidan da ya yi wa bawan Allah ƙazafi bai isa ya yi masa tsada ba. Baba bai nemi gafara ba, ba halinsa ba ne, amma ya ba Dogo auren Auta. Yaya bai halarci ɗaurin auren ba.

Mama ta riƙe hannayensu tana hawaye. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu taushin zuciya, ya raba ku da sharrin baki, har na cikin gida."

Da kowa ya watse, Auta ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Ka yafe min duka?"

Ya daɗe yana kallon lallen hannunta.

"Saura kaɗan," ya ce.

Ta soma murmushi, sai ta ga da gaske yake. Ta gyaɗa kai, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, shi kuma bai janye ba.