Kwalbar da Na Cire a Shagon Baba

Baba, wata uku ke nan da muka kai ka makwancinka, kuma har yau in na buɗe shago sai na yi sallama, in tsaya ina jiran tarinka.

Ka san talabijin ɗin nan mai baƙi da fari da ke kan kanta ta sama, mai akwatin katako, wadda makunninta ya ɓalle ka liƙa mata murfin biro. Ba ta da eriya, ba ta kama tasha. Amma kullum rana ta yi ja sai ka kunna ta, ka jawo kujeru biyu, ka zauna a ɗaya kana kallon yayyafin da ke zuba a gilashinta har a kira salla. In na tambaye ka sai ka ce, "Tsohuwar kwalbar hoto kamar gwiwar tsoho ce, Injiniyan Gobe, in ba a motsa ta kullum sandarewa take yi." Na yarda. Ban taɓa tambayar ka kujera ta biyun ta waye ba.

Bayan ka tafi na kasa kunna ta. Ko ɗaga kai in dube ta ba na iyawa.

Rannan wani tsohon direba ya kawo tasa, irin taka sak. Kwalbar hotonta ta gaji, mutane a ciki sun koma kamar hayaƙi. Ya dube ni ya dubi bencinka, ya ce, "Ɗana, hannun nan ya rage, ko ya bi mai shi?" Maganar ta soke ni. Na tuna taka kwalbar tas take. Na sauko da ita, na sa sukundireba na zuƙe wutar da ta kwana a ciki kamar yadda ka koya mini, na musanya su. Ya tafi yana sa mini albarka. Gajiyayyar kwalbarsa na tura ƙarƙashin benci.

Da yammacin ranar Auta tana kwashe shanya a tsakar gida. Iska ta tsaya cik. Ko tsuntsayen da ke kwana a bishiyar maƙwabta sun yi shiru. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal. Umma ta ce yaran unguwa ne. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro gabana. Noti ne. Bayansa sukurori suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, irin waɗanda kake tarawa a gwangwanin madara, gwangwanin da na kulle a shago da hannuna. Daga bayan bangon shagon kuma muka ji wannan ƙarar da muka sani, shuuu, alhali na sauke wutar shagon gaba ɗaya.

Auta ta saki kwandon. Idanunta a buɗe tar.

"Yaya," ta ce, "me ya sa komai ya koma yayyafi?"

Da gari ya waye ganinta ya dawo. Washegari ya ɗauke tun la'asar. Likita ya haska mata fitila ya ce lafiyar idon ƙalau. A kwana na tara, tun hantsi take lalube bango, tana zuba ruwa a gefen kofi, tana dariya don kada Umma ta yi kuka. Ni da na iya bin waya har in gano inda ta tsinke, na zauna gefen ƙanwata da hannu biyu a cinya.

Umma ta kira wani malami, siririn dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya zo gab da faɗuwar rana, ya sa aka zaunar da Auta a tabarma, ya yi ta karatu da murya ƙasa ƙasa. An daɗe. Inuwa ta cinye rabin tsakar gida. Sai Auta ta miƙe wuya, ta harɗe ƙafa kamar tsoho, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Ƙona ni kake yi, ni kuwa ban zo faɗa ba."

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Mai kujera ta biyu. Ina mai shagon? Ya ƙi kunna mini, na yi haƙuri, na ce ko tafiya ya yi. Sai ga wannan mai hannun ƙaiƙayi ya ƙwaƙule wa talabijin ɗin ido."

Malam ya waiwayo ni. Baba, mai kujera ta biyun bai san ka tafi ba. Wata biyu yana zuwa yana zama a duhu yana jiran ka. Ni ne na buɗe baki na faɗa masa, kuma tun ranar da abin ya faru ban taɓa furta kalmar da bakina ba sai a lokacin.

Hawaye ya zubo daga idon Auta, ban san na waye ba.

"Ku ba kwa daɗewa," muryar ta ce. "Shekara talatin da ɗaya muna zama, bai taɓa tambaya ta komai ba. A cikin yayyafin nan nake ganin nawa da suka shuɗe. Da na rasa gilashin sai na tarar idon yarinyar ma yana nunawa."

"Idonta nata ne," in ji malam. "Fita."

"To a ba ni na wanda ya yi ɓarnar."

Umma ta ƙanƙame hannuna. Na buɗe baki zan ce na yarda, malam ya daka mini tsawa, "Rufe mini baki, ba da kai ake ciniki ba!" Ya ci gaba da karatu har jikin Auta ya soma rawa.

"Na ji, na ji! Tsoho da kai sai taurin kai. A kunna mini gilashina gobe kafin rana ta faɗi, kuma kullum haka. Muddin yana haske ba ruwana da gidan nan. Ranar da ya mutu, na san inda wani yake."

Malam ya nemi mai muryar ya janye wannan magana ta ƙarshe, shi kuwa ya ƙi. Auta ta yi atishawa uku ta sulale jikin Umma. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ɗankwalinki a karkace yake."

Da sassafe na tafi gidan direban. Ya fito yana sosa ƙeya. Jikokinsa sun ja waya, talabijin ɗin ta faɗo daga kan tebur, kwalbarka ta tarwatse tun kwana huɗu. Ya nuna mini ɓaraguzan a kwandon shara. Na zaga duk masu gyaran da na sani. Wani ya yi dariya ya ce in tambayi gidan tarihi. An daina ƙera irinta tun kafin a haife ni.

Na dawo bayan azahar na jawo gajiyayyar daga ƙarƙashin benci. Na ɗaura ta, na kunna. Haske kamar na garwashin da ya kwana. Na san kana da dabarar da kake farfaɗo da irinsu a hankali, kana saurare da kunne kana taɓawa kana ɗagawa. Sau nawa ka ce in zo in gani, na ce gobe. Rana tana sauka a bangon shago. Sai na yi abin da ka hana ni da babbar murya: na ƙara wa siririn zaren wayar da ke ɗumama wuyanta wuta fiye da ƙima. Ka ce wannan kamar bulala ce ga jakin da ya gaji, zai yi gudu, amma ba zai kai gida ba.

Yayyafin ya taso fari tas. Na jawo kujeru biyu. Ta kusa da ni ta yi ƙara kaɗan, kamar an zauna.

Yanzu gida lafiya. Auta ta koma makaranta, har tana zura wa Umma zare a allura. Umma tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya gaji ubansa. Ni kuwa kullum da yamma ina sa ɗan yatsa in auna gefen gilashin. Makon farko duhun da ke kewaye da hasken bai kai faɗin farce ba. Jiya ya kai yatsa biyu, kuma sai da na ƙirga tamanin kafin kwalbar ta kama. Ka san abin da wannan ke nufi fiye da ni. In ta yi kirki ta kai wata huɗu.

Ɗazu Auta ta leƙo shago ta ce, "Yaya, kai ma ka zama Baba, kallon banza." Na yi mata dariya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon jan sararin sama, tana faɗa mini launukansa ɗaya bayan ɗaya.

Ban faɗa wa malam ba, Baba. Ban faɗa wa Umma ba. Har yanzu ban faɗa wa kowa ba.