Takardar da Rahmat Ta Ƙi Sa wa Hannu

Rahmat tana tsugune a tsakar gidansu da ke unguwar Limanti a Maiduguri tana wanke takalmin aikinta, sai mahaifiyarta Hajja ta fito da waya a hannu, fuska a murtuke. Uwar saurayinta Mikail ce ta kira, ta ce a dakata da maganar kawo lefe.

"Me kika yi wa Alhaji Ajimi?" in ji Hajja.

"Takarda ya ce in sa wa hannu, Hajja, ni kuwa na ƙi."

Rahmat ta karanta fannin gudanar da aikin gine-gine a jami'a, a shekarun da ɗalibi zai fita lakca bai san ko zai dawo gida ba. Dangi sun sha yi mata dariya, wai mace da hular kwano a tsakiyar leburori. Mikail ne kaɗai bai taɓa kushe ta ba. Malamin firamare ne mai sanyin hali, kuma saboda shi ta zauna a Maiduguri lokacin da abokan karatunta suka watse, wasu kamfanonin gini a Abuja, wasu ma'aikatun gwamnati.

Mahaifinsa, Alhaji Ajimi, dillali ne a Kasuwar Shanu. Da rikici ya kashe cinikin, sai ya koma kwangila, har ya samu aikin gina azuzuwa shida na yaran 'yan gudun hijira a bayan gari. Ana buƙatar mai ilimin aikin ya duba ya tabbatar da ingancinsa, shi ya sa ya ɗauki Rahmat, tunda ta kusa zama surukarsa.

Tun makon farko ta ga ɓarna. Bulo in ta murza shi sai ya zube kamar garin kwaki, rodin da aka sa a ginshiƙai kuwa siriri ne ƙwarai. Manasse, shugaban magina, wanda ya gudo daga Gwoza da iyalinsa, ya gaya mata a ɓoye cewa ya yi ƙorafi, aka ce masa in ba zai yi ba akwai mutum ɗari a sansani masu neman aikin.

Ta sami Alhaji, ta durƙusa ta yi masa bayani cikin ladabi.

"Baba, yara ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan. Ba zai ɗauki damina ɗaya ba."

"Ke 'yar jiya za ki koya mini aiki? Zaɓi ɗaya, ko ki sa hannu, ko ki manta da gidana."

Washegarin kiran wayar Mikail ya zo, idanunsa sun yi ja. Ya roƙe ta ta duba shekarun da suka yi suna jira, wai in an yi aure sai a lallaɓa a gyara ginin. Sai ta ɗauko guntun bulon da ta taho da shi daga wurin ginin ta sa masa a hannu. Yana matsa shi ya wargaje. Ya koma ya yi wa mahaifinsa magana, Alhaji ya rantse in ya sake taka ƙofar gidan su Rahmat zai tsine masa. Daga nan Mikail ya ɗauke ƙafa.

Rahmat ta rubuta wa waɗanda suka ba da aikin, shiru. Alhaji ya samu wani ya sa hannu, ya tura Mikail ya riƙa kula da ma'aikata tunda ana hutu. A unguwa kuwa babu abin da ba a faɗa ba: boko ya kumbura mata kai, ta kori miji da hannunta. Ta rame, ta daina fita. Hajja ma da farko fushi ta yi, amma da ta ga kukan ya yi yawa sai ta koma rarrashi, tana cewa wanda ya riƙe gaskiya Allah ba ya kunyata shi.

A watan Agusta, saura mako ɗaya a buɗe makarantar, aka wuni ana ruwa. Da la'asar rufin aji na uku ya rufto. Manasse yana ciki yana shafe, nan take ya cika, ya bar matarsa Susanna da 'ya'ya huɗu. Mikail an zaro shi da rai, amma sai da likitoci suka yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa.

Rahmat ta je asibiti. Da ya gan ta sai ya juya fuska bango.

"Ki tafi, Rahmat. Na bar ki lokacin da kike da gaskiya, yanzu kuma ga yadda na koma."

"Ba ƙafarka na so ba," ta ce, ta ja kujera ta zauna.

Bayan kwana arba'in Alhaji Ajimi ya zo Limanti da kansa, ya tsufa lokaci ɗaya. Ya zauna a zaure yana hawaye, ya ce wa Hajja shi ya kashe mutum, shi ya nakasa ɗansa. Ya nemi gafarar Rahmat. Ta ce ta yafe nata, amma haƙƙin Susanna ya fi nata nauyi, can ya kamata ya fara zuwa. Ya je, ya faɗi gaskiya a gabanta da gaban masu bincike. Aka ƙwace kwangilar, aka hana shi wata har abada, shi kuma ya ɗauki nauyin marayun.

Aka rushe sauran azuzuwan, aka damƙa wa Rahmat jagorancin sabon ginin. Bayan shekara aka ɗaura aurenta da Mikail, babu kiɗa babu taro, ango yana dogara sanda. A ɗaya daga cikin azuzuwan da ta gina yake koyarwa yanzu.

Haƙurin Rahmat ya biya ta, amma bai dawo da Manasse ba. Duk wanda aka ba amanar rayukan mutane, kada ya sayar da ita don ya faranta wa dangi ko masoyi. Fushin mutum yana hucewa, rai kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.