Zomanya da Mai Ƙararrawa

Wa ya fi gaskiya, wadda ta cika alkawari ta binne baiwar da Allah ya ba ta, ko wadda ta saɓa alkawari sau ɗaya ta zama abin da aka halicce ta dominsa? Na daɗe ina juya tambayar nan, har yau ban samu amsa ba. Yadda abin ya faru kawai na sani.

"Fito! Zomanya, fito mana!"

Muryar Mai Ƙararrawa ce, yana kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe yana yi mata ihu. Ta ji shi sarai. Ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

A tseren mita dubu ɗaya da ɗari biyar akan ɗauki mai gudu ɗaya ta shiga gaba ta ja sauran da sauri, ta kare musu iska, in an zo zagayen ƙarshe sai ta fice daga fili ta bar manya su ƙarasa. Wannan ne aikinta, shi ya sa ake kiranta Zomanya. Wurin ficewarta kuwa daidai inda Mai Ƙararrawa yake tsayawa ne. A nan suka saba. Kullum sai ta faɗo gabansa tana haki, shi kuma ya miƙa mata gorar ruwa.

"Kowa in ya ji ƙararrawata ƙara gudu yake yi, ke kaɗai ce kike tsayawa," ya taɓa ce mata. "Anya ba sona kike yi ba?"

"Malam, ruwanka nake so. Kai kuwa... za a duba."

Aka duba ɗin. Har manya sun shiga maganar, Umman Mai Ƙararrawa ta fara ce mata 'yata.

A ranar da nake ba da labari, Zomanya tana jan tseren ne domin yayar Mai Ƙararrawa, wadda ake kira Barewa, gwanar da ta riƙe filin nan shekara da shekaru. Ƙarfinta ya fara ja baya, kuma wadda ta ci tseren ita za a tura babbar gasar duniya. Dama ce ta ƙarshe, kowa ya sani. Da safe Barewa ta dafa kafaɗarta.

"Ƙanwata, ki ja ni yadda kika saba, ki fice a ƙararrawa."

"In sha Allahu, Yaya."

Sai dai Barewa ba ta bi ta ba. Ta tsaya cikin taro tana gadin abokan hamayya, ana gudu ana kallon-kallo. Da Zomanya ta waiga a kwanar ƙarshe kafin ƙararrawa, ta ga fili fetal a bayanta. Ƙafafunta ba nauyi, numfashinta a kwance. Ba ta taɓa sanin abin da ke bayan ƙararrawa ba.

Ta tafi ta gani.

Ita ta ci. Barewa ta zo ta biyu, ta durƙusa a kan layi. Zomanya ta miƙa mata hannu.

Barewa ta kalli hannun, ta tashi da kanta, ta wuce.

Doka ba ta hana mai jan tsere ta ƙarasa ba, alƙalai sun tabbatar. Amma falon Umma ba alƙalai ke hukunci a cikinsa ba. 'Yar kawun Mai Ƙararrawa, wadda ta daɗe tana kawo wa Umma gaisuwar da ta wuce ta zumunci, ita ta ƙara wa wutar fetur.

"Umma, ai shiri ne! Da gangan ta tsere musu tun farko. Wadda ta yi wa Yaya haka a gaban jama'a, me za ta yi muku in ta shigo gida?"

Washegari da yamma ya same ta a kan benci a filin, tana cire ƙusoshin takalmin gudunta.

"Masoyiyata, kalma ɗaya ce. Ki je ki ce kin yi kuskure."

"In na ce haka na yi ƙarya."

"Kin yi mata alkawari..."

"Ita ma ta yi mini! Na ce zan ja, ta ce za ta bi. Na ja. Ina take?"

Ya kau da kai gefe.

"Kai fa? Me ka gani?"

"Kada ki tambaye ni wannan."

"Na tambaya."

"Na ga gudun da ban taɓa ganin irinsa ba," ya ce. "Na kuma ga matar da ta goya ni bayan rasuwar Baba a durƙushe. Duka biyun na gani, Zomanyata. Ba zan iya kawo ki gidan da Yaya ba za ta taka ba."

Ta ɗaure takalman wuri ɗaya, ta rataya a wuya.

"To ka ji nawa. Daga yau ba zan sake ficewa domin kowa ba. Ko waye!"

Ta tafi. Shekaru suka yi ta wucewa, tana gudu a filayen da ba ta san harshen masu tafi ba. Ta ci, an ci ta, ta karye a idon sawu ta warke, ta sake ci. Lambobi suka cika akwati. Amma duk inda aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe sai idonta ya kai gefen hagu, ta ga baƙon mutum, ta ƙara wuta. Masu sharhi suna yaba zagayenta na ƙarshe. Ba su san guje wa wani abu take yi ba.

Shi kuwa yana nan. 'Yar kawu ta gaji da jira ta auri wani mai sayar da tayoyi. Umma ta yi faɗa har ta koma addu'a. In ana nuna tseren Zomanya a talabijin yakan rage murya, ya zauna daf da allo.

Da ta yanke shawarar ajiye takalmi, ta ce a tsohon filinsu za ta yi tseren bankwana. Filin yana nan yadda ta bar shi, sai dai jar shimfiɗar da ake gudu a kanta ta koɗe, bencin ya rasa ƙafa ɗaya an tokare shi da bulo. Tana zaune a kansa aka tsaya a gabanta.

Barewa ce, da usur a wuya. Ta zama mai horarwa, ta yi ƙiba, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali.

"Kin rame."

"Ina wuni, Yaya."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. 'Yata za ta yi gudu ranar Asabar, tare da ke. Tana da ƙafa, ba ta da lissafi. In ta samu mai ja, za ta kai lokacin da ake nema a tafi da ita waje. Na duba ko'ina, babu mai daidaiton takunki."

Zomanya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Tseren bankwanana, Yaya? Kuma ni? Ba kya tsoro?"

"Ina tsoro mana. Ni mahaukaciya ce?"

"In na ƙi fa?"

"Kin ƙi ke nan. Ban zo da ciniki ba, ban ce zan ba ki ƙanena ba." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Kin san abin da ya hana ni barci duk shekarun nan? Da ni ce a gaba ranar, da fili haka a bayana... wallahi ni ma ba zan fice ba. Shi ne abin da na kasa yafe miki."

Zomanya ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar Asabar fili ya cika, sunanta ake kira ta kowace kusurwa. Wajen layi suka haɗa ido da Mai Ƙararrawa. Ya yi saiƙo, riƙon igiyar dai bai canza ba.

"Malam, har yanzu ba a ƙara maka girma ba?"

"An so. Na ce ina jiran wani saƙo a nan."

Bindigar fara tsere ta tashi. Zomanya ta shiga gaba, taku ɗaya bayan ɗaya, kamar agogo. Yarinyar ta manne mata a zagayen farko. A na biyu ƙarar numfashin yarinyar ta fara yi mata nisa. Da suka doshi kwanar nan, Zomanya ta waiga.

Fili fetal.

Jama'a suka miƙe tsaye suna ihu. Ƙafafunta ba nauyi. Zagaye ɗaya ya rage mata a duniya, kuma nata ne, ba wanda zai ce ta saɓa wa kowa, tunda ba ta yi alkawari ba.

Ta sassauta.

"'Yata! Taho! Kalli bayana kawai, kada ki kalli kowa!"

"Anti, ba zan iya ba..."

"Ƙarya kike, jinin Barewa ce ke! Taho!"

Yarinyar ta cije, ta kamo ta. Zomanya ta ja ta har bakin layi, ƙararrawa ta ɗauka.

"Tafi!"

Ta karkata hagu, ta taka ciyawa, ta faɗo gabansa tana haki.

Mai Ƙararrawa ya ci gaba da kaɗawa, hawaye na zuba, har sai da alƙali ya riƙe masa hannu.

"Zomanyata..."

"Malam, ina ruwan?"

Barewa tana bakin fili tana tsalle, tana kwarara wa 'yarta ihu, usur na dukan ƙirjinta. Ba ta ɗauke ido daga yarinyar ba.

"Auta, ba wa amaryarmu ruwa mana, ka tsaya kana kuka!"

Ta miƙo hannu ta baya, tana laluben iska, har ta samu na Zomanya. Ta damƙe shi, ta ɗaga ta tsaye.