Ranar Rabon Kayan Malama Gaggawa

"Fankar dai ni na riga kowa."

"Ke da kika ɗauke tukwanen? Haba dai..."

Ina tsaye a tsakar ɗakina ina kallon malamai suna rabon kayana sai ka ce na mutu. Haka ake yi a makarantar nan: duk malamin sa-kai da ya zo daga ƙasar waje, in wa'adinsa ya cika, abin da bai shiga akwati ba na abokan aiki ne. Ni ma haka na gaji katifa da bokiti daga wadda na maye gurbinta. Ashe da ciwo, ban sani ba sai da ya zo kaina.

Kowa ya zo, har mai gadi. Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma shi kaɗai nake ta leƙen ƙofa dominsa.

Malamin Noma.

Ranar da na fara shiga aji, yara sun fi kujeru yawa, ina ta zuba darasin kimiyya kamar ana korata, ba wanda ya kama ko kalma. Kafin a tashi sun raɗa mini Malama Gaggawa. A bayan ɗakin gwaji ya same ni ina kuka, da fartanya a kafaɗarsa, ya ce in rage gudu, yaran ba tserewa za su yi ba. Shi ya koya mini gwaji da tsofaffin kwalabe, shi yake aiko mini ruwa in famfo ya ƙafe. Ban san lokacin da duk hanyoyina suka koma bi ta gonar makaranta ba.

Ina son sa, ƙarya me zan yi?

Shugaban makaranta ya ce in ƙara shekara in ina so. Mama kuwa a waya ta ce ko da wasa, ta gaji da zaman 'yarta a inda ganin wutar lantarki sai an yi sa'a. Na kwashe duka na gaya wa Malamin Noma ina jiran kalma ɗaya tak. Bawan Allahn nan ya dubi ƙasa ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ya bar ni da barci rabi da rabi, ina shirya akwati ina zazzagewa.

Da ɗakin ya yi fayau, sai ga Malamar Tarihi, wadda ta daɗe tana kai masa abinci gona ba a aike ta ba. Ta dafa katifar tana murmushi, wai shi ya ce ta karɓar musu, za ta yi musu amfani bayan biki.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni da kaina na kama mata muka fitar, na maida ƙofa na zauna a kan siminti.

Da la'asar na ji ƙarar baro, da shewar ɗalibai a baya. Na buɗe, sai ga shi jiƙe da gumi, ya loda tukwanena da fanka da bokiti, katifa kuma a ka. Ashe gida-gida ya bi yana karɓowa, ana yi masa dariya. Malamar Tarihi ma da rigima ta saki.

"Me ke nan?" na ce. "Kayan bikinku ne ka kawo ajiya?"

"Ban aiki kowa ba. Ganin katifarki a kan wata a hanya ne ya sa na gane da gaske tafiya za ki yi."

"Da wasa ka ɗauka?"

Ya sauke katifar. Ya ce Yayarsa ta daɗe tana ja masa kunne cewa baƙo raɓa ne, kuma duk waɗanda suka zo kafina shi ya raka su tasha, ba wanda ya waiwayo. Ya ce ya ji kunyar ya roƙe ni in bar gidanmu saboda mutumin da arzikinsa fartanya ce.

"Wa ya ɗora ka ka yanke mini hukunci?" na ce. "Tambaya ta gagare ka?"

"Ta gagare ni... Gaggawata, ki zauna. Ba don yaran ba. Don ni."

Yaran da aka ce ba don su ba suka ɓarke da tafi. Na kore su da ido, hawaye na zuba.

A nan tsaye na kira Mama, don in na bari zuciyata ta huce ba zan iya ba. Na ce ba zan taho ba tukuna, ita ce za ta zo, akwai wanda zai gaishe ta. Ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta tambaya.

"Yana da hankali dai ko?"

Na dube shi, yana ta kokawar shigar da katifa ta ƙofa, ya taka tukunya ta fantsama waje.

"Da yana da shi, Mama, amma yau ya ajiye saboda ni."

Ta ja numfashi.

"To, ba shi wayar."