Wanda Ya Ƙona Bakin Hidaya

Ranar kasuwar Guci, da la'asar sakaliya, Ummul Khairi ta dawo gida da ragowar ƙuli-ƙulinta a ka, ta tarar da ƙanwarta Hidaya kwance a tsakar gida tana shure-shure. Leɓunanta sun kumbura suntum, harshe ya cika baki, yawu na dalala. Ummul ta yar da tire ta tallabo kanta. Hidaya ta buɗe ido, ta nuna bakinta da yatsa, daga nan ta sume.

Kafin a samo mota labari ya gama gari. Kowa ya san da hantsi Hidaya ta je wurin Rashida mai tausar baki. Ita Rashidar nan a Damagaram ta koyo sana'arta. Takan sa safar hannu ta zura yatsu a bakin mace, ta yi ta murza naman kunci ta ciki har muƙamuƙin da ya riƙe ya saki, fatar fuska ta yi sumul. Amare na rububinta, tsofaffi na taɓe baki. Hidaya kam ba don kyau take zuwa ba. Cije haƙora take yi cikin barci, har ta wayi gari ba ta iya tauna tuwo.

Mata suka yi ɗango zuwa ɗakin Rashida, maƙwabciyar su Ummul, Inna Shatu, ce a gaba. Ita ce ta fito da kwalbar man kaɗanya tana ɗagawa sama, wani farin abu kwance a kan man. Jandarmomi suka zo daga Dungas suka tafi da Rashida da kwalbar.

A asibitin Magariya, majo, babban ma'aikacin jinya, bai ɓoye wa Ummul komai ba. Maƙogwaro ya ƙone. Ko Hidaya ta tashi, murya sai abin da Allah ya yi. Ummul ba mace ce mai kuka a gaban mutane ba. Ita ta goyi yarinyar nan bayan rasuwar uwarsu, ita ta koya mata magana. Ta dafa ƙafar gadon ta rantse cewa wanda ya yi wannan, ko a cikin tulu ya ɓuya, sai ta zaƙulo shi.

Washegari ta nufi birgad, ofishin jandarma, a Dungas, ba don bincike ba, don ta tofa wa Rashida yawu a fuska. Adjidan Zakariya, shugaban jandarman wurin, wani dogo marar son hayaniya, ya karanci fuskarta, ya sa ta zauna nesa da Rashida.

"Me Hidaya ta yi miki?" Ummul ta tambayi Rashida.

"Wallahi Yaya Ummul, lafiya lau ta fita daga ɗakina."

"Man da kika cusa mata a baki fa?"

"Mai ba ya shiga baki."

"Ƙarya kike."

"Ki tambayi duk wadda ta taɓa kwanciya a tabarmata. A Damagaram da hannu biyu aka koya mana. Da na dawo, wace mace ce a Guci za ta yarda a sa mata hannun hagu a baki? Sai na raba aikin. Dama na sa safa ta shiga ciki, ruwa kawai take taɓawa. Hagu tana waje, ba safa, ita ke shafa mai a kunci."

Adjidan ya ce, "Nuna mata hannun."

Rashida ta miƙo hagunta. Tafin lafiya ƙalau, ko ƙurji babu. Ummul ta ƙura wa tafin ido. Ta tuna fuskar Hidaya a gadon asibiti, baki ya lalace amma kunci santsi kamar na jariri.

"Ni ma abin da ya hana ni tura ta justis gaban alƙali ke nan," in ji adjidan. "Amma kwalbar tata ce, kuma gari ya yi ittifaƙi a kanta. In ban samu wani ba, dole ta wuce Magariya."

Ummul ta fito ranta a dagule, don babu abin da ya kai a shirya wa mutum ƙiyayya a zo a tarar ba shi ba ne. A hanya ta bi gidajen mata uku da ta san suna zuwa tausar. Dukkansu bakinsu ɗaya, mai ba ya shiga baki.

Sai tunaninta ya koma kan Maina wanzami. Kafin zuwan Rashida, duk wanda muƙamuƙinsa ya riƙe wurinsa yake zuwa a yi masa ƙaho, kuma ba ya ɓoye haushinsa. Ta same shi a ƙofar gida yana wasa aska.

"Baba Maina, ina kake jiya?"

"Garin Yekuwa, wurin suna. Da amalanken Isufu na je, da ita na dawo bayan magariba. Je ki tambaye shi."

"An ce ka ce sai ka ga bayan sana'ar Rashida."

"Na faɗa, yanzu ma in kina so in maimaita. Amma ni namiji, ta ina zan shiga ɗakin da mata ke kwance baki buɗe?"

"To me ke ƙona baki haka?"

"Jandarma sun nuna mini kwalbar. Nonon tinya ne, icen nan mai dafi. Kuma wanda ya tsaga tinya bai saba ba, ki duba yatsunsa. Ba ta barin mutum ya tafi haka nan."

Isufu mai amalanke ya tabbatar da maganarsa. Maina dai baƙin hali gare shi, amma ba a kai mutum gidan kaso don baƙin hali, in ba haka ba da rabin Guci na can.

Ummul ta koma gida ta zauna a inda ta tsinci ƙanwarta. Ta fara jera abin a ranta. Da guba na cikin mai lokacin tausa, da kuncin Hidaya da hannun Rashida sun fara ƙonewa. Ashe bayan an gama aka zuba. Wanda ya zuba kuwa ya ɗauka man nan baki yake shiga, kamar yadda ita ma ta ɗauka har yau da safe. Wato wadda ba ta taɓa kwanciya a tabarmar Rashida ba, amma ta samu shiga ɗakin. To ta ina gubar ta shiga bakin Hidaya? Ta ɗaga ido ta dubi maratayin kwanuka. Ƙaramin kofin silba da Hidaya ke kurkure baki da shi duk ranar tausa an wanke shi tas, an kife. Mai shure-shure a ƙasa ba ta wanke kofi.

Nan take ta gane, don ta san wa ke shiga gidan nan ba sallama.

Shekarar da ta wuce, Hidaya ta ga Usama, ɗan Inna Shatu, yana kora awakin mutane da asuba. Ta faɗi abin da ta gani a gaban maigari. Kunya ta kori yaron, ya bi motar Aljeriya, daga baya aka aiko cewa ƙishirwa ta kashe shi a hanya. Tun ranar da labarin ya zo Hidaya ta fara cije haƙora. Shatu kuwa ta ce ta yafe, ƙaddara ce. Har kunu take aiko musu.

Ummul ta buga wa adjidan tarho, sannan ta aika a kira matan unguwa, wai za ta ba su labarin mai jiki. Washegari da hantsi tsakar gida ta cika. Adjidan ya tsaya a zaure inda ba a ganinsa. Shatu ta zauna kusa da murhu, hannunta na dama cikin zane.

"Inna, ke kika raka Hidaya wurin tausa?"

"Ni ce, 'yar nan. Ai ba na barinta ita kaɗai."

"Kin shiga?"

"A'a, a waje na jira. Ni Allah ya kiyaye wata ta sa mini hannu a baki."

"To ta yaya kika san kwalbar za a duba?"

"Ai da man take cuɗa musu baki. Kowa ya sani."

Matan suka dubi juna. Wata ta ce a hankali, "Inna, mai ba ya shiga baki."

Ummul ta ci gaba. "Da kuka fito, me Rashida ta ce mata?"

"Ta ce... ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri."

"Wa ya haɗa ruwan?"

Shatu ta ƙara cusa hannunta cikin zane.

"Fito da hannunki, Inna."

"Lalle na sa."

"Tun rasuwar Usama ba ki sa lalle ba. Fito da shi."

Ummul ba ta jira ba, ta fizgo hannun. Jan lalle ya rufe yatsu uku, amma bai rufe bororon da ya tashi a ƙarƙashinsa ba.

"Ke kika tsaga tinya," in ji Ummul. "Kika zuba a ruwan kurkure baki, kika miƙa mata da hannunki, ta karɓa don ta ɗauke ki uwa. Tana faɗuwa kika wanke kofi. Da aka yi ihu kika riga kowa shiga ɗakin Rashida, kika juye sauran a kwalba. Da kin taɓa yarda an yi miki tausar nan ko sau ɗaya, da kin san ba nan za ki zuba ba."

Shatu ta janye hannunta ta gyara zama. Abin da ya fi ba Ummul haushi shi ne, ko gezau matar ba ta yi ba.

"Bakin nan ne ya kashe mini ɗa," ta ce. "Shekara guda ina dafa kunu ina kallonsa yana sha. Usama ma ba zai sake magana ba."

"Rashida fa, me ta yi miki?"

"Ita ce ke sassauta mata muƙamuƙi. Ni so nake ya riƙe har abada."

Tsakar gida ta yamutse. Wata ta rarumi muciya, wasu suka yi kan Shatu. Ummul ce ta tare su da ƙirjinta, ba don tausayi ba. Dukan rana ɗaya ya yi wa Shatu arha. Adjidan Zakariya ya shigo ya ce a ba shi hanya.

Da yamma aka saki Rashida. Ummul ta je har ɗakinta ta durƙusa ta nemi gafara. Rashida ta ce ta yafe, amma idonta na kan kayanta da mata suka farfasa.

Hidaya ta farfaɗo bayan kwanaki. Ta buɗe baki za ta kira yayarta, iska ce kawai ta fito. A ranar Ummul ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Ranar da za a wuce da Shatu Magariya, Ummul ta rufe tiren ƙuli-ƙulinta ta je ta tsaya jikin motar jandarma.

"Inna, kin rufe bakin da ya yi shaida sau ɗaya," ta ce. "Nawa yana nan. Zan faɗa a justis na Magariya, in an kai ki Damagaram in bi ki in faɗa. Ranar da kika fito daga kaso, ko kin tsufa kina dogara sanda, ni za ki tarar a ƙofa ina gaya wa mutane ko ke wace ce."

Shatu ta kawar da kai. Ummul ta zagaya ɗaya gefen motar, inda fuskar ta juya, ta sake faro maganar tun daga farko.